An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sharhi Kan Gyaran Wutar Babur

Yau maganarmu a kan babur take, musamman wutarsa da cajinsa da hanyar da mai ke bi kafin ya isa inji. Duk mai hawa ya san wannan labari ko da bai faru a kansa ba. Mutum ya fito da sassafe, ya murɗa makulli, ya danna sitata, sai ya ji ƙas-ƙas, inji ko motsi. Ya tura zuwa gareji, bakanike ya danna hon ya ji muryarsa ta shaƙe, nan take ya yanke hukunci cewa batir ya mutu. A sayo sabo, babur ya tashi, kowa ya yi hamdala. Bayan kwana goma ko mako biyu ciwon ya dawo. Wannan karon a ce rektifaya ce, a canja ta. Ya sake dawowa, a ce koyil ne, a buɗe murfin inji a sa wani. Daga ƙarshe yaron gareji ya lura da wata waya guda da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da jikin babur, ya goge da samfefa ya ƙara ɗaurewa, shi ke nan. An biya kuɗin kaya uku a kan aikin minti biyar. Abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne, mafi yawan asarar da masu babura ke yi a gyaran wuta ta samo asali ne daga canja kaya kafin a auna, kuma maganinta yana cikin wata 'yar ƙaramar mitar awon wuta da kuɗinta bai kai na batir guda ba.

Kada wani ya raina wannan magana. Gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, amma babur bai fita daga rayuwarmu ba. Shi ne ke kai manomi kasuwar ƙauye da buhunsa, shi ne ke kai malami makaranta, shi ne ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti a garin da mota ba ta shiga da damina. A Maraɗi da Damagaram 'yan kabu-kabu da shi suke ci da iyali. Ga wanda ke hawa Boxer ko Jincheng ko Haojue na wani yana kai balas kullum, yini guda a gareji yini ne na bashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ke saura a aljihun mai babur bayan ya sha mai ya ragu ƙwarai, kayan gyara kuwa da kuɗin waje ake shigo da su. Gyaran lalube da a da ake iya haƙuri da shi, yanzu abincin gida yake ci.

Domin a gane inda ake kuskure, sai an fahimci yadda wutar ke gudana. A cikin murfin inji akwai koyil, wato wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, da wani faranti mai maganaɗisu da ke juyawa a kewayensa idan inji na aiki. A nan ake haifar da wuta. Wutar da ke fitowa daga nan mai kai-da-komo ce, kuma ƙarfinta yana hawa da sauka gwargwadon yadda aka murɗa totur, don haka batir ba zai iya shan ta haka ba. Sai ta bi ta rektifaya, wadda ke da aiki biyu: ta miƙar da wutar ta koma mai bin hanya ɗaya, sannan ta tsare ƙarfinta kada ya wuce iyaka. A yawancin babura, rarar wutar zafi take zama a jikin rektifaya, shi ya sa aka yi mata haƙarƙari aka kuma ɗaura ta inda iska ke bugawa. Batir shi ne na ƙarshe a wannan layi, kuma shi ba ya haifar da komai, ajiya kawai yake yi. Koyil ne rijiya, wayoyi ne masu ɗebo ruwa, batir randa ce. Idan ka leƙa randa ka tarar babu ruwa, ba ka da hujjar cewa ta fashe sai ka tabbatar ana zuba mata. Wanda ya sayi sabon batir alhali caji ba ya zuwa, sabuwar randa ya sayo cike da ruwa, zai sha na kwanaki, ta ƙafe kamar ta farko.

Awo uku ne ke raba gardama, kuma dukkansu a kan batir ake yin su ba tare da an kwance komai ba. Batirin babur irin na dalma da asid, wanda asalinsa ya koma ga wani Bafaranshe Gaston Planté tun 1859, ɗakuna shida gare shi, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1. Saboda haka a awo na farko, lafiyayyen batir da ya cika ya kuma huta na wasu awoyi yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi, idan ya gaza 12 ya kusa ƙarewa, idan kuwa an yi masa caji sosai amma ya dawo wajen 10.5, to alama ce ɗaki guda ya mutu. Awo na biyu, a bar mitar a haɗe a danna sitata a kalli inda lambar za ta faɗa. Batir mai ƙarfi ba ya yin ƙasa da bolt 9.5 zuwa 10 a wannan lokaci. Wanda ya nuna 12.6 a zaune amma ya rufto zuwa 6 ko 7 da an ɗora masa nauyi, ya tsufa, kuma a nan canja shi daidai ne. Awo na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci. A tayar da inji, a ɗan ba shi wuta sama da silo, a kunna fitila, a sake duba mita. Ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da wani abu ko tana raguwa, caji ba ya zuwa. Idan ta haura 15 tana ci gaba da hawa, rektifaya ta daina tsaro, kuma wannan shi ke dafa ruwan batir, ya kumbura shi, ya riƙa ƙona ƙwan fitila ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke sayen ƙwai kowane mako yana zagin masu shago, sau da yawa wannan ne ciwonsa.

To, a ce awo na uku ya nuna babu caji. Nan ma ba a hanzarin zargin rektifaya. Abin da ya fi yawan lalacewa a ƙasarmu shi ne mafi araha, wato waya da mahaɗinta. Ƙurar hunturu tana shiga soket, ruwan damina ya jiƙa ta, mai wankin babur ya ƙara fesa ruwa da ƙarfi a ƙarƙashin kujera, sai bakin ƙarfen ya yi kore ko fari. Mahaɗi mai datti yana hana wuta wucewa, abin da ya hana kuwa zafi yake zama, shi ya sa ake yawan tarar da soket ɗin da ke tsakanin koyil da rektifaya ya narke ya yi baƙi. Haka wayar da ke ɗaure da jikin babur, wadda duk wuta ke komawa ta cikinta. In ta saki ko ta yi tsatsa, kowane abu a babur sai ya yi kamar ya lalace. Mita tana kama wannan cikin sauƙi: a auna tsakanin farkon waya da ƙarshenta lokacin da take ɗauke da nauyi, in aka ga fiye da rabin bolt yana ɓacewa a hanya, ga ɓarawon nan. Bayan an wanke wayoyi daga zargi sai a koma kan koyil, a cire soket ɗinsa, a juya mita zuwa wuta mai kai-da-komo, a ga ko lambar na hawa idan an murɗa totur. A manyan babura masu wayoyi uku masu ruwan ɗorawa, dole awon kowace biyu ya zo kusan daidai da na sauran, kuma kada ɗayansu ta haɗu da jikin inji. Ƙananan babura da yawa tsarinsu daban ne, domin akwai waɗanda da gangan aka ɗaure gefe ɗaya na koyil ɗinsu a jikin inji, don haka sai an san irin babur ɗin kafin a yanke hukunci. Idan koyil na bayarwa, wayoyi na kaiwa, amma caji bai isa batir ba, sai a lokacin rektifaya ta zama abin tuhuma da hujja.

Akwai kuma wani ciwo da mu masu hawa muke jawowa da hannunmu. Ƙaramin koyil an yi shi ne daidai nauyin da kamfani ya ɗora masa: fitila, sigina, hon, da ɗan abin da zai koma batir. Sai mu ƙara fitilu masu launi, da hon irin na mota, da rediyo mai lasifika, da cajar waya. Wasu daga cikin waɗannan ana haɗa su kai tsaye da batir ba ta makulli ba, don haka ko babur na kwance cikin dare suna tsotso. Mafi hatsari shi ne idan fis ya ƙone a naɗa masa waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Ya mutu ne domin ya ceci sauran wayoyi daga wata da ta goge tana taɓa ƙarfe. Wanda ya toshe wurinsa da waya ya cire mai gadi ya bar ɓarawo a ciki, kuma duk wannan yana faruwa ne ƙasa da taki guda daga tankin fetur.

Na san abin da wasu manyan kanikawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce shekara ashirin ko talatin suna wannan sana'a, da kunne da ido suke gane ciwo, kuma sau da yawa suna dacewa. Gaskiya ne. Kunnen gwani yana bambanta ƙarar sitata mai jan wuta da ta rilen da ke ƙas-ƙas, hancinsa yana jin warin koyil da ya ƙone kafin a buɗe murfi. Babu mai hankalin da zai zubar da wannan ilimi. Amma akwai abin da kunne ba zai taɓa ji ba. Bambancin da ke tsakanin bolt 12.4 da 13.8 shi ne bambancin babur da ke cin batirinsa da wanda ke ciyar da shi, kuma dukkansu biyu ƙararsu ɗaya, hon ɗinsu ɗaya, haskensu kusan ɗaya a ranar farko. Ƙari a kan haka, yawancin ƙananan baburanmu suna ruɗar da ido. A da yawa daga cikinsu babbar fitila daga koyil take shan wuta kai tsaye, shi ya sa take ƙara haske in an ba da wuta, kuma tartsatsin fulogi ma ba ya jiran batir, don haka da kik sai babur ya tashi ko batir ya mutu murus. Wannan ne ke sa a ga fitila na ci, inji na aiki, a ce ai caji lafiya lau, alhali layin da ke zuwa batir a yanke yake. Ƙwarewa tana nuna wa bakanike inda zai fara dubawa, mita kuma ta tabbatar masa kafin ya sa mai babur ya buɗe aljihu. Hausawa sun riga sun ce gani ya kori ji.

Mu juya ga mai, domin a nan ma ana yawan ɗora wa wuta laifin da ba nata ba. Babur mai kafireto, kamar yawancin waɗanda ke kan titunanmu, galibi ba shi da famfon mai. Tanki na sama, kafireto na ƙasa, mai gangarowa yake yi da kansa. Idan irin wannan babur yana tafiya ya riƙa shiɗewa ya mutu, ya huta kaɗan ya sake tashi, kafin a taɓa fulogi ko akwatin tartsatsi a buɗe murfin tanki a saurara. In aka ji iska ta shige da ƙara, to ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe, mai ya kasa sauka. A cire tiyo daga kafireto a ga ko mai na zuba sosai, a kwance ɗan sukurun ƙasa a tsiyaye cikin kwalba mai haske a duba ko akwai ruwa a ƙasa ko tsatsa. Man 'yan bumburutu da ya kwana a galan a buɗe, ko aka gauraya shi, yana kawo duka biyun. Ba kuma a bakin titi kaɗai matsalar take ba: a watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu sun amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima cikin Nijeriya. Duk mai wannan gwaji kuma ya nisanci gwada tartsatsin fulogi kusa da man da ya zube.

Famfon mai na lantarki yana cikin babura masu allurar fesa mai da ƙaramar kwamfuta, kuma a nan ne za a ce mini wannan ba namu ba ne, na masu manyan babura ne 'yan Kwatano. A yau akwai gaskiya a ciki, gobe babu. Ƙasashen da ke ƙera mana babura sun riga sun juya. Sin ta tsaurara dokar hayaƙin babura a 2019, Indiya ta fara aiki da tata sabuwar doka ranar 1 ga Afrilun 2020, kuma waɗannan dokoki sun tura yawancin sababbin baburan cikin gidansu zuwa tsarin fesa mai, har da ƙanana. Har yanzu suna ƙera masu kafireto domin kasuwarmu, amma babu mai tabbacin tsawon lokacin da za su ci gaba. A irin wannan babur, mai da wuta sun zama abu guda. Da ka murɗa makulli za ka ji wani ɗan zuuu na daƙiƙa biyu ko uku daga cikin tanki. Famfo ne ke tara matsi, wanda a yawancinsu yakan kai kimanin bar 3. Idan ba a ji ba, famfo shi ne na ƙarshe da za a zarga. A duba jan makunnin da ke kan hannun dama, a duba fis, a duba rile, a tuna cewa da yawansu suna da na'urar da ke yanke mai idan babur ya faɗi, sannan a sa mita a soket ɗin famfon a ga ko wuta na isa a waɗancan daƙiƙu. In wuta na isa famfo bai motsa ba, ya mutu. In yana kuka amma babur na ƙin gudu, a auna matsin, a duba matatar da ke bakinsa, wadda datti ke toshewa. Sannan a sani cewa raunin caji yana kwaikwayon mutuwar famfo: idan wuta ta ragu famfo ya rage gudu, matsi ya sauka, inji ya riƙa sheƙa, sai a cire lafiyayyen famfo mai tsada a jefar. Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfon, don haka al'adarmu ta shan lita ɗaya ana yawo a ƙasan tanki tana gajarta masa kwana. Ita kuwa tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki domin a ga ko caji na yi, a kan irin wannan babur tana iya ƙona kwamfutar gaba ɗaya.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na kuɗi, kuma a nan ba zan ɗora wa bakanike laifi shi kaɗai ba. Mu masu babura ba ma biyan kuɗin bincike. Idan bakanike ya ɓata rabin awa yana awo ya gano sakakkiyar waya ya ɗaure, sai mu ce ai ba abin da ya yi, mu miƙa masa kuɗin shayi. Idan kuwa ya ce a sayo rektifaya, mukan biya ba musu, da kuɗin kaya da na ɗaurawa. Mun gina kasuwar da ke hukunta mai gaskiya tana saka wa mai lalube, sannan muna mamakin sakamakon. Ɗan acaɓa ma yana da uzuri, fasinja na wucewa, balas na jira, yana son a yi masa abin da zai tayar da babur yanzu. Amma awo ukun da na ambata ba sa cin minti goma, dawowa gareji sau uku kuwa yana cin kwanaki. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa: sau tari rektifayar kamfani da aka cire lafiyayya ta fi sabuwar da aka sa inganci nesa ba kusa ba, don haka canjin da ba dole ba yana iya mayar da babur baya. Saboda haka nake ganin ya kamata ƙungiyoyin kanikawa su tsayar da kuɗin bincike a matsayin aiki mai zaman kansa, masu babura kuma su yarda su biya, bisa sharaɗin a nuna musu lambar da mita ta bayar kafin gyara da bayan gyara, a kuma ba su tsohon kayan da aka cire su tafi da shi. Masu cewa yaran gareji ba su yi boko ba balle su karanta mita, su dubi yadda yaran nan ke sarrafa wayar hannu suna tura kuɗi; wanda ya iya karanta lambar waya zai iya bambanta 12 da 14.

Zan yarda da abu ɗaya: akwai ciwon da ke ɓuya ko ga mita. Wayar da ta karye a cikin robarta kusa da wuyan babur, inda ake juya kai dare da rana, tana iya nuna lafiya a tsaye ta yanke a kan hanya. Koyil ko rektifaya na iya aiki da safe su gaza da rana tsaka, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. A irin wannan hali sai a bar mita a haɗe, a juya kan babur dama da hagu, a girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana kallon lamba, ko a bar inji ya yi zafi sosai a sake awo tun bai huce ba. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a nan ne hannun tsohon gwani ke nuna kansa, domin shi ya san a wace kwana waya ke karyewa a kowane irin babur. Yaron da ke tsaye kusa da shi yana miƙa sifana yau, shi ne zai tarbi baburan kwamfuta idan sun cika kasuwa, don haka maigidansa ya sa masa mita a hannu tun yanzu, ya fara da awon batir.